Mene ne "taimakon shari'a kyauta" da ake ta faɗi a jastis?

Mutane da yawa nan Maradi in sun ji an ce taimakon shari'a kyauta sai su ɗauka wata sadaka ce ta ƙungiyoyin Turawa, yau akwai gobe babu. A'a, doka ce ta ƙasa. Tun ranar 14 ga Disamba 2011 Nijar ta yi dokar da ta kafa hukumar ANAJJ, wato hukumar ƙasa mai kula da taimakon shari'a, tana ƙarƙashin ministan shari'a, kuma tana da biro a manyan kotunan jihohi har da tamu ta Maradi.

Abin kashi biyu ne. Na farko shawara: ka je ka zauna ka faɗi matsalarka, a gaya maka abin da doka ta ce, wace ƙofa za ka bi, wace takarda za ka nemo. Wannan na kowa ne, mai kuɗi da talaka, ko ɗan kasuwar da ya karye masu bashi sun sa shi gaba yana iya zuwa ya tambaya. Na biyu shi ne mai nauyi, wato a ba ka mai kare ka gaban alƙali kuma a ɗauke maka kuɗin shari'ar. Shi wannan sai ka nuna shaidar ba ka da hali.

To amma akwai waɗanda doka ta ce ba sai sun nuna talauci ba, kuma nan ne nake so mata su buɗe kunne. Matar da aka saki tana neman kuɗin ci da shan yara, ko tana neman a bar mata riƙon ɗanta, ko a raba gado a ba ta rabonta, ko wadda aka yi wa duka da cin zarafi, duk suna ciki. Haka yaro ƙarami da ake tuhuma, da naƙasasshe, da wanda za a yi wa shari'ar babban laifi kamar kisa. Wallahi abin yana ci mini rai, mace ta kwashe kayanta ta koma ɗakin uwarta da yara uku, tana tuyar ƙosai da asuba don kuɗin magani, uban yaran yana nan cikin gari ya ƙara aure, ita kuma an ce mata "ki yi haƙuri, jastis sai mai kuɗi". Ba a hana zuwa wurin mai unguwa ko fada ko malamai a sasanta ba, sulhu alheri ne, kuma ko a kotun ma maganar aure da saki da gado da al'adar mutum ake duba ta, alƙali yana zama da masu sanin al'ada. Amma in sulhu ya ƙi, hanya ba ta ƙare ba.

Wani abu kuma, kar ka yi mamaki in wanda aka ba ka ba lauya ba ne. Yawancin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, shi ya sa a jihohi ake naɗa wasu mutane da aka horar su tsaya wa wanda ake tuhuma. Gaskiya ba su kai lauya ba, kuɗin aikin ma yakan yi jinkiri, amma ya fi mutum ya tsaya shi kaɗai ana Faransanci bisa kansa. In naka yana kaso, kar a jira ranar shari'a, a je biron tun yanzu da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa da duk takardar da kotu ko jandarma suka bayar.