Iyakar ikon shugaban ƙasa a tsarin mulkin Nijar

Iyakar ikon shugaban ƙasa na nufin ƙa'idojin da kundin tsarin mulki ya gindaya don hana mai riƙe da madafun iko yin gaban kansa. A Jamhuriyar Nijar ƙa'idojin sun fi danganta da yawan wa'adin mulki, da rusa Majalisar Dokoki, da mulki da dokar ta-ɓaci, da kuma biyayya ga hukuncin Kotun Tsarin Mulki.

Asali

A zamanin Diori Hamani na jam'iyya ɗaya, da mulkin soja da Seyni Kountché ya kafa a 1974, babu wata hukumar da ke iya taka wa shugaba birki. Babban Taron Ƙasa da aka yi a Yamai a 1991 shi ne ya haifar da kundin Disamba 1992, wanda ya raba ikon zartarwa tsakanin shugaban ƙasa da firaminista. Rabon bai jima ba ya zama rigima. Bayan da 'yan adawa suka sami rinjaye a majalisa a 1995, Shugaba Mahamane Ousmane da Firaminista Hama Amadou suka yi zaman 'yan marina a kan naɗin muƙamai da kiran taron ministoci, har Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996.

Rikicin tazarce

Kundin 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma haramta taɓa wannan ƙa'ida ko da ta hanyar kwaskwarima. An zaɓi Tandja Mamadou a 1999 da 2004, saboda haka wa'adinsa na ƙarshe zai cika ne a Disamba 2009. Tun wajen ƙarshen 2008 magoya bayansa suka fara gangami suna neman a ƙara masa lokaci, hujjarsu ita ce ya kammala manyan ayyukan da ya soma, irin su madatsar ruwa ta Kandaji, da matatar mai ta Damagaram, da gada ta biyu a Yamai.

Da yake kundin ba ya gyaruwa a wannan fanni, sai fadar shugaban ta zaɓi kiran zaɓen raba-gardama a kan sabon kundi ɗungurungum. Ranar 25 ga Mayu 2009 Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ba da ra'ayi cewa shirin ya saɓa wa doka da rantsuwar da shugaban ya yi. Washegari Tandja ya rusa majalisa. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar kiran zaɓen, wannan karon da hukuncin da ya wajaba a kan kowa. Shugaban ya mayar da martani ranar 26 ga Yuni da ɗaukar ikon musamman na ta-ɓaci da aya ta 53 ta kundin ta tanada, sannan bayan kwana uku ya rusa kotun kanta, alhali kundin ya ce ba a tsige alƙalanta kafin wa'adinsu ya cika. An kaɗa ƙuri'a ranar 4 ga Agusta, 'yan adawa suka ƙaurace, hukuma ta ce fiye da kashi 92 cikin ɗari sun amince. Sabon kundin ya ƙara wa Tandja shekara uku, ya cire iyakar wa'adi.

Ɓangaren shugaban sun dogara da cewa mulki na jama'a ne, kuma babu kotun da ta fi jama'a. Masu adawa, da suka haɗa da jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula, sun ce ayar ta-ɓaci an tanade ta ne don lokacin da ƙasa ke cikin haɗari, kuma tana buƙatar majalisa a zaune, wadda shugaban ya riga ya rusa. Hujjar masu adawa ta fi daidai da lafazin kundin. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta dakatar da Nijar a Oktoba, sulhun da Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta ya cije, sai sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da Tandja ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Kundin 2010

Masu rubuta kundin 2010, wanda ya kafa jamhuriya ta bakwai, sun ɗauki darasi, suka rubuta ƙarara cewa babu wanda zai wuce wa'adi biyu ko ya tsawaita wa'adinsa bisa kowane dalili. Mahamadou Issoufou ya miƙa mulki ga Mohamed Bazoum ranar 2 ga Afrilu 2021, karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya gaji zaɓaɓɓe a ƙasar, ko da yake 'yan adawa sun sha zargin gwamnatin Issoufou da hana zanga-zanga da tsare masu sukarta.

Bayan 2023

Majalisar soja ta CNSP ta jingine kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A Maris 2025 aka rantsar da jagoranta, Janar Abdourahamane Tiani, a matsayin shugaban ƙasa bisa wata sabuwar dokar tushe da ta ba shi shekara biyar, wadda ake iya sauya tsawonta gwargwadon halin tsaro.