Karya dokar zawarcin 'yan wasa a ƙwallon jami'o'in Amurka

Karya dokar zawarci ita ce duk wata ɓarauniyar hanya da jami'a ko kocinta ko attajiran da ke mara mata baya suke bi don su jawo yaron sakandare mai hazaƙa ya zo ya buga musu ƙwallo, alhali hukumar wasannin jami'o'i ta Amurka, wato NCAA, ta hana. Ƙwallon da ake magana a nan ba irin ta Firimiya ba ce, ƙwallon Amurka ce mai siffar ƙwai wadda ake runguma a gudu da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. A can wasan jami'o'i ba ƙaramin abu ba ne, filin Jami'ar Mishigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000, kuma yaro ba ya shiga gasar ƙwararru ta NFL sai ya yi shekara uku da gama sakandare, saboda haka kusan kowane tauraro sai ya bi ta jami'a. Jami'o'in kuwa ba sa sayen ɗan wasa daga wani kulob, zawarcinsa suke yi har ya amince, kuma a nan ne maguɗin yake.

Asali

Matsalar ta girmi hukumar kanta. An kafa NCAA a 1906 bayan mace-macen 'yan wasa a fili sun sa shugaba Theodore Roosevelt ya tsoma baki, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1910, amma ta yi shekaru da dama tana ba da shawara kawai ba ta da ikon hukunta kowa. A 1929 gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoto da ya nuna mafi yawan makarantun da aka bincika suna biyan 'yan wasa ta wata hanya, wasu ta aikin bogi da za a rubuta sunan yaro ya riƙa karɓar albashi ba tare da ya taɓa zuwa ba. A 1948 aka kawo wata doka mai tsauri da ta hana ba ɗalibi tallafi don iya wasa kawai, da aka zo korar makarantu bakwai da suka ƙi bi a 1950 sai ƙuri'a ta kasa kai kashi biyu bisa uku, shekara ɗaya bayan nan aka yi watsi da dokar gaba ɗaya. Sai da Walter Byers ya zama shugaban gudanarwa a 1951 aka fara samun sashen bincike na gaske, kuma wajajen 1956 aka halatta ba ɗan wasa sikolashif, wato kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. Daga nan duk abin da ya wuce wannan ya zama laifi.

Abin da dokar ta hana

Kundin dokokin yana da kauri sosai. An raba shekara kashi-kashi, akwai lokacin da koci zai iya zuwa gidan yaro, akwai lokacin da zai je kallon wasansa kawai ba magana, akwai kuma lokacin da aka rufe ƙofa gaba ɗaya ba haɗuwa ido da ido. Ziyarar da jami'a take ɗaukar nauyinta ba ta wuce dare biyu. An hana ba yaro ko iyayensa kuɗi, mota, gidan haya, tikitin jirgi ko aikin yi, kuma a da attajiran magoya baya ba su da hurumin shiga zawarci ko kaɗan.

Da can laifi kashi biyu ne, manya da ƙanana. Tun 2013 aka koma tsarin matakai inda mataki na ɗaya ya fi muni. Ƙananan su ne irin kiran waya da ya wuce ƙa'ida, ko koci ya ce wai kiciɓis ya yi da yaro a barandar makaranta suka gaisa, kuma yawanci jami'ar ce da kanta take kai rahoton kanta, a ba kocin takardar jan kunne ko a hana shi kiran yaron na sati biyu shi ke nan. Manyan jami'o'i suna kai irin wannan rahoto duk shekara kuma ba wanda ya taɓa rasa barci a kai.

Jami'ar SMU da hukuncin kisa

Duk wanda zai yi maganar sassaucin hukunci a yau dole ya faro daga Jami'ar Southern Methodist (SMU) da ke Dalas a jihar Teksas, domin ita ce kaɗai babbar ƙungiyar ƙwallon da aka taɓa rufewa ɗungurungum saboda wannan laifi, hukuncin da ake kira hukuncin kisa. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 kuɗin mai ya cika Teksas, attajirai tsofaffin ɗalibai suna gasa da juna a kan jami'ar wa ta fi, kuma SMU ƙaramar makaranta ce mai zaman kanta da ba za ta iya ja da Jami'ar Teksas ba in dai a kan suna ne, to sai aka koma aljihu. A 1979 ta samu ɗan wasa Eric Dickerson wanda da farko ya yi wa Jami'ar Texas A&M alkawari, kuma an daɗe ana jayayya kan wanda ya biya kuɗin sabuwar motar Trans Am mai ruwan gwal da aka gan shi da ita a lokacin. A 1982 ƙungiyar ta gama kaka ba a doke ta ba, ta zo ta biyu a ƙasar.

A 1985 NCAA ta yi mata ɗaurin talala saboda biyan 'yan wasa, a shekarar ce kuma aka kafa dokar da ta ce makarantar da ta sake babban laifi cikin shekara biyar za a iya rufe wasan nata. Amma biyan bai tsaya ba. A Nuwamban 1986 wani tsohon ɗan wasa mai suna David Stanley ya fito a tashar talabijin ta WFAA ya ce an ba shi dala 25,000 don ya sa hannu sannan ana biyan sa duk wata har bayan an yi musu talalar. Ɗan jaridar tashar ya zaro ambulan mai ɗauke da tambarin jami'ar da haruffan sunan jami'in da ke kula da zawarci, ya miƙa masa a gaban kyamara, mutumin da ya gama cewa bai taɓa aika wa iyalin yaron komai ba ya ɗauko tabarau ya duba.

Ranar 25 ga Fabrairun 1987 aka sanar da hukunci. An soke kakar 1987 gaba ɗaya, an zaftare guraben sikolashif 55 cikin shekara huɗu, bayan an tabbatar an raba kimanin dala 61,000 ga 'yan wasa 13. Jami'in NCAA da ya karanta sanarwar, David Berst, yanke jiki ya yi ya faɗi jim kaɗan bayan ya gama. Ba a yi sati biyu ba gwamnan Teksas Bill Clements, wanda shi ne ya shugabanci kwamitin gudanarwar jami'ar, ya amsa da bakinsa cewa da saninsu aka ci gaba da biya, wai don an riga an yi wa yaran alkawari. SMU da kanta ta fasa buga kakar 1988 don ba ta da 'yan wasa, da ta dawo a 1989 Jami'ar Houston ta lallasa ta 95 da 21, cikin shekara ashirin sau ɗaya ta gama kaka da nasara fiye da rashin nasara, kuma ba ta sake zuwa wasan ƙarshen kaka da ake gayyatar ƙungiyoyin da suka yi ƙoƙari ba sai 2009. Gasar yankin da take ciki ma ta wargaje a 1996, ko da yake kuɗin talabijin yana da hannu babba a wannan.

Ɓarnar da hukuncin ya yi ta tsorata hukumar da kanta, kuma tun daga lokacin ba ta sake ɗora shi a kan wata babbar ƙungiyar ƙwallo ba duk da an samu waɗanda suka cancanta.

Bayan SMU

Wadda ta fi kusa ita ce Alabama a 2002. Wani attajiri mai suna Logan Young ya biya kocin wata sakandare a Memphis kusan dala 150,000 don ya tura ɗalibinsa Albert Means zuwa Alabama, wato yaron aka sayar kuma ba shi ya ci kuɗin ba. An hana jami'ar wasan ƙarshen kaka na shekara biyu, aka cire mata gurbi 21, kotun tarayya kuma ta samu Young da laifi a 2005. Shekara bakwai bayan hukuncin Alabama ta ci kofin ƙasa.

A 2010 Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta sha hukunci mai zafi a kan tsohon ɗan wasanta Reggie Bush, gurbi 30 da haramcin shekara biyu, duk da cewa kuɗin daga dillalan 'yan wasa ya fito ba wajen zawarci ba, kuma kocinta Pete Carroll ya riga ya koma NFL watanni kafin nan. A shekarar dai aka tabbatar mahaifin ɗan wasa Cam Newton ya nemi a biya shi tsakanin dala 120,000 zuwa 180,000 kafin ɗansa ya je Mississippi State, amma NCAA ta ce ba hujjar cewa yaron ko Auburn inda ya ƙare sun sani, ya ci gaba da wasa ya ci kofin ƙasa. Wannan bambanci tsakanin shari'un biyu har yau magoya baya ba su daina muhawara a kai ba.

Oregon ta biya wani mai harkar leƙen 'yan wasa a Teksas, Willie Lyles, dala 25,000, mutumin da ke da kusanci da yaran da take zawarci. Hukuncin da ya fito a 2013 shi ne gurbi ɗaya tak a shekara da talalar shekara uku, sai takunkumin wata 18 a kan koci Chip Kelly wanda a lokacin ya riga ya kama aiki da Philadelphia Eagles ta NFL inda dokar NCAA ba ta kai ba.

Tenesi da Mishigan

Lokacin korona an rufe zawarcin ido da ido daga Maris 2020 zuwa ƙarshen Mayu 2021, kuma da yawa ba su bi ba. A Jami'ar Tenesi ƙarƙashin koci Jeremy Pruitt an lissafa laifi sama da 200, 18 daga ciki na mataki na ɗaya, an kashe wajen dala 60,000 a kan otal da abinci da kuɗin hannu ga yara da iyayensu, har matar kocin tana cikin masu miƙawa, shi kansa ya amsa ya ba mahaifiyar wani ɗan wasa 'yan ɗaruruwan daloli a cikin jakar takarda ta gidan abincin Chick-fil-A. A Yulin 2023 aka ci jami'ar tarar dala miliyan 8, aka cire gurbi 28 cikin shekara biyar, aka soke nasara 11, Pruitt ya sha takunkumin shekara shida. Ba a hana ta wasan ƙarshen kaka ko ɗaya ba, kuma kuɗin da aka raba kusan daidai yake da wanda ya jawo wa SMU rufewa.

A Mishigan kuwa koci Jim Harbaugh ya gana da yara a lokacin haramcin, jami'ar ta dakatar da shi wasa uku na farkon kakar 2023, ƙungiyar ta ci wasanta 15 duka ta ɗauki kofi a Janairun 2024. Takunkumin shekara huɗu ya zo a Agusta, mafi yawansa saboda ƙin ba masu bincike haɗin kai, shi kuwa tuni yana Los Angeles Chargers ta NFL.

Dalilan sassauci

NCAA ba kotu ba ce, ba ta da ikon tilasta wa attajiri ko tsohon ɗan wasa ya zo ya yi magana, shi ya sa manyan shari'u yawanci ɗan jarida ne ko 'yan sanda ko wani da aka ɓata wa rai yake tono su. Bincike yana cin shekara uku ko huɗu, kafin a yanke hukunci ya zama ihu bayan hari, kocin ya tafi, yaran sun gama, waɗanda za su ɗanɗana kuɗar kuwa suna aji ɗaya a sakandare lokacin da aka yi laifin. Wannan rashin adalci na gaske ne, kuma shi ya sa kundin tsarin hukumar na 2022 ya ce a guji hukunta waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Sai dai abin da aka maye gurbinsa da shi, wato tara da soke nasarori a takarda, bai cika yi wa jami'ar da ke samun sama da dala miliyan 100 a shekara ciwo ba. Sannan hukumar ta jami'o'in ce, su suke rubuta dokar kuma su suke cin kuɗin talabijin. A shari'ar Jami'ar Miyami ma masu binciken da kansu aka kama sun biya lauyan mai tona asirin, Nevin Shapiro, don ya samo musu bayanai, dole aka zubar da wani ɓangare na hujjojin.

Masu suka suna cewa ana sassauta wa manya a danne ƙanana. Hukumar tana musantawa.

Halin da ake ciki

A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da murya ɗaya a kan NCAA a shari'ar Alston, daga 1 ga Yuli kuma aka bar 'yan wasa su ci kuɗin talla da sunansu da hotonsu, sai attajirai suka kafa ƙungiyoyin tara kuɗi a fili. A Fabrairun 2024 wani alƙalin tarayya a Tenesi ya hana hukumar aiwatar da dokar da ta haramta tattauna irin wannan kuɗi da yaro kafin ya zaɓi makaranta. A Yunin 2025 aka amince da sulhun shari'ar House, wanda ya bar kowace jami'a ta biya 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, aka kuma kafa sabuwar hukuma dabam da za ta sa ido a kan kuɗin. Ƙorafin da ya fi yawa yanzu shi ne zawarcin ɗan wasan wata jami'a ta bayan fage tun bai sanar zai bar ta ba.