Tallafin ƙasashen waje da lafiyar ƙwaƙwalwa: tambayoyi da amsoshi daga Abuja

Su wa Najeriya take haɗa gwiwa da su a harkar lafiya?

Manya daga cikinsu su ne Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da Bankin Duniya, da Gavi mai tallafa wa rigakafi, da Global Fund mai yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, sai shirin PEPFAR na yaƙi da ƙanjamau da Amurka ta ƙirƙiro a 2003.

An ga amfanin abin kuwa?

Ƙwarai. A watan Agustan 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, Najeriya ce kuma ƙasa ta ƙarshe da ta yi fama da ita. Ma'aikatan da suka goge a yaƙi da shan-inna sun taimaka wajen daƙile Ebola a Legas a 2014. Babban ɗakin gwaji na hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa (NCDC) da ke Gaduwa a nan Abuja shi ma ya ci gajiyar irin wannan haɗin gwiwa.

To, ina rabon masu taɓin hankali?

A nan gizo ke saƙa. Masu ba da tallafi sun fi karkata ga cututtukan da ke yaɗuwa suna tsallake iyaka. Ciwon damuwa ba ya yaɗuwa, shi ya sa ya daɗe a baya. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 200, wasu likitocin ma suna ta ficewa waje. Uwar da ke Kuje ko Nyanya, idan ɗanta ya daina barci yana surutai, sau da yawa gidan mari take fara tunawa, don shi ne kusa da ita. Ba na ganin laifinta, amma ɗaure mara lafiya da sarƙa abu ne da bai kamata mu saba da shi ba.

Abin da na fi ganin amfaninsa shi ne shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008. Ana horar da ma'aikatan jinya da na ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da matsalar shaye-shaye, su fara kula da mai sauƙi, su tura mai tsanani babban asibiti. Ka ga ba sai an yi jiran ƙwararre ba kafin a fara taimakon mutum.

Akwai doka a kan haka?

Akwai. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta kare haƙƙin mara lafiya, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Idan masu tallafi suka janye fa?

Mun ɗanɗana a farkon 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na waje, ayyuka da dama suka tsaya cak. A Abujar nan shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, har yau Najeriya ba ta cika ba. Baƙo zai iya horar da ma'aikaciyar jinya a Gwagwalada, amma albashinta da maganin da za ta ba mara lafiya wata bayan wata, daga kasafin gwamnatocinmu ya kamata su fito.