Masu banda da gashi a gida, a sa wa tono raga mai jawowa

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Ni ma'aikacin lafiya ne a ɓangaren tsabta, aikinmu shiga unguwanni ne muna duba ruwa da abinci da inda ake dafa shi, to akwai abin da na daɗe ina son in yi magana a kai, wato tonon nan na ƙarfe mai cin lita 200 da mutane suke maida shi murhun banda ko na gashin nama a bayan gida.

Kwanakin baya na shiga wani gida a Garin Malam, na tarar da wata dattijuwa tana bandar tarwada. Tono ne a tsaye, wuta a ƙasa, ta jera raga uku ɗaya bisa ɗaya daga sama. In tana son juya kifin ƙasa sai ta ɗauke raga ta sama ta ajiye a ƙasa kusa da kaji, ta ɗauke ta biyu, sannan ta sunkuya ta zura kai da hannu har kafaɗa cikin tono. Da ta ɗago idonta jawur, hawaye na zuba, tana tari, a damtsenta kuma ga tabon ƙuna layi-layi inda bakin tono yake taɓa ta, wani ya warke wani sabo. Na ce Inna, sau nawa kike yin haka a wuni? Ta ce ɗana wa ya ƙirga, sai dai in kifi ya bushe. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don gyaran wannan wahalar aikin yini ɗaya ne wurin mai walda.

Gyaran shi ne a yanka ƙofa a gefen tono, a yi wa ragar hanya ta yadda za a jawo ta waje kamar tirwar ɗin tebur, ki juya kifinki ko namanki a fili cikin iska, ki tura ta koma ki rufe. Naman ne zai fito wurinki, fuskarki ba ta shiga hayaƙi, hannunki ba ya bi ta saman garwashi, ba a ajiye raga a ƙasa ƙura da kaji su same ta. Kuma tunda ƙofa ba ta daɗewa a buɗe zafi ba ya gudu, icce ma sai ya ragu, kowa kuwa ya san yadda icce da gawayi suka yi tsada a garin nan.

Kar ku ɗauki hayaƙin nan abin wasa. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje yana kashe mutane wajen miliyan 3 a kowace shekara, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar jiki, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Mai banda kuwa wuni take a kansa, sau da yawa da goyo a bayanta.

To ga abin da za ku gaya wa mai walda, kuma dan Allah ku tsaya a kansa, kar ku ba shi tono ku tafi. Hanyar da raga za ta bi da korniyar ake yin ta, ƙarfen nan mai kusurwa, guda biyu-biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma su zama daidai da juna, in ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo raga za ta riƙa cijewa kitse kuma ya gangara gefe guda. Faɗin tono wajen santimita 58 ne, kuma zagaye yake, saboda haka raga mai kusurwa huɗu da za ta shiga cikinsa ba za ta wuce 40 da 40 ba. Wanda yake sana'a sosai gara ya gina murhun da birgi ko laka ya dasa korniyar a jikin ginin, zai samu raga mai faɗi kuma laka ta fi riƙe zafi. A bar ɗan sarari kamar faɗin yatsa tsakanin raga da hanyarta, don ƙarfe yana buɗewa in ya ji wuta, ragar da take shiga cif-cif da sanyi in ta yi zafi sai ta maƙale, mutum ya fizga da ƙarfi komai ya zube masa a ƙafa. Tsakanin raga da raga kuma a bar kamar taƙi guda, yadda kaza za ta zauna ba ta taɓa ta sama ba.

Inda masu walda suka fi mantawa shi ne abin tsayarwa. Raga cike da nama nauyi gare ta, in ka jawo ta ta wuce rabi sai ta kifo gaba. Maganinsa a ƙara wani ƙarfe a saman hanyar ya danne bayan ragar, ko a liƙa ɗan ƙugiya a bayanta da zai kama ƙarƙashin korniyar, sannan a sa ɗan gutsuren ƙarfe da zai hana ta fita gaba ɗaya sai an ɗaga ta da niyya. Kafin ku biya kuɗi ku ɗora bulo ɗaya a kai ku jawo ku gani da idonku. Wasu suna son sa hanyar tirwar ta kabad mai ƙananan ƙwallaye don ta fi santsi, ku ƙi, akwai giris a ciki wani lokaci har da roba, ba don wuta aka yi ta ba.

Sai maganar ƙarfen kansa, nan ne na fi damuwa. Ragar shinge mai fari-fari da ake kira galba tutiya aka shafa mata, wuta in ta yi ƙarfi tutiyar tana ƙonewa ta ba da farin hayaƙi, masu walda sun san shi, yana sa zazzaɓi da ciwon kai da ɗacin baki cikin dare, kuma tana ɓarewa ta manne a abinci, musamman mai gishiri ko tsami. Ragar tsohon firijo ita ma a bar ta, wasu an shafa musu roba, wasu tsofaffin kuma an shafa musu wani ƙarfe mai guba da yake ɓata ƙoda. Inokis, ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya tsatsa, ya fi kowanne in da hali, in babu to baƙin ƙarfe zalla wanda ba fenti, a goge tsatsa a shafa man gyaɗa. Tonon ma ku tambayi abin da aka zuba a cikinsa tun farko, wanda ya ɗauki maganin ƙwari na gona ba ya wankuwa, ko kyauta aka ba ku kar ku karɓa. Wanda ya ɗauki esans ko gazuwal kuwa haɗari ne ga mai yankan, tururin da ya rage a ciki yana iya fashewa da tartsatsi ɗaya. Bayan an gama aiki a hura wuta mai ƙarfi a ciki babu abinci, a fili nesa da mutane, har fenti ya cinye, a kankare a wanke.

Hanyar da ta fi kusa da wuta kar ku sa mata nama, ta farantin kitse ce. Kitse in ya ɗiga kan garwashi wuta ta tashi, baƙin hayaƙin nan mai ƙauri shi ne yake ɗauke da sinadaran da suke manne wa nama, ɗaya daga cikinsu hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo cutar kansa, Tarayyar Turai ma ta sa masa iyaka a kifi da naman banda. Wannan ne ya sa murhun banda da hukumar abinci da noma ta duniya, wato FAO, ta ƙirƙiro tare da wata cibiyar koyar da aikin kifi ta Tiyaroy a Senegal yake da farantin tarar kitse. Kafin shi akwai murhun Corkor na ƙasar Gana tun 1969, mai raga hawa-hawa. Namu na gida faranti ne kawai na ƙarfe da ɗan rairayi ko ruwa a ciki, kar ya toshe tono duka, a bar gefe hayaƙi ya wuce. Da garwashi ake banda, a bar harshen wuta ya kwanta tukuna, kuma ban da katako mai fenti, ban da leda ko taya wajen hura wuta.

Raga hawa-hawa tana da nata tarkon. In kun ƙara ɗanyar kaza ko zabo alhali akwai wanda ya kusa gasuwa, ɗanyen ya zauna a ƙasa, don ruwansa kar ya ɗiga kan gasasshe. Ku riƙa musanya ragogin tunda ta ƙasa ta fi shan zafi, kuma cikin nama sai ya kai digiri 70, in babu ma'auni a tsaga wajen ƙashi a ga ba ja ba jini. Lokacin sallar layya da nama yake yawa nan ne ake gaggawa a cika raga maƙil, a bar wa hayaƙi hanya tsakanin yanka da yanka.

Tono a tsakar gida yake zama inda iska take kaɗawa, nesa da zana da rumbu, ko sanyin hunturu ya kai yaya kar a shigar da shi zaure ko ɗaki, iskar gawayi ba ta da wari, barci take sa mutum ya wuce. Hannun raga yana zafi kamar ragar, a jawo da ƙugiyar ƙarfe ko busasshen tsumma mai kauri, jiƙaƙƙe ya fi saurin kai zafi hannu. In kuma tsautsayi ya faɗa aka ƙone, a zuba ruwa mai sanyi na pampo ko na randa har minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da toka, kar a fasa bororon, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko ta yatsu da gaɓoɓi, ko ta ƙaramin yaro ko yaya take, a kawo mana ita likita a ranar.