Wasannin Kudu Maso Gabashin Asiya

Wasannin Kudu Maso Gabashin Asiya, da aka fi sani da SEA Games, gasa ce ta wasanni iri-iri da ƙasashe 11 maƙwabtan juna suke yi duk bayan shekara biyu.

Tushenta ya faro ne a watan Mayun 1958, lokacin da wakilan ƙasashen yankin suka haɗu a Tokiyo wajen Wasannin Asiya. Luang Sukhum Nayapradit, mataimakin shugaban kwamitin Olamfik na Tailan, shi ne ya kawo shawarar. A Disambar 1959 aka yi ta farko a Bankok. Ƙasashe shida ne suka zo: Tailan, Bama (Myanmar a yau), Laos, Malaya (wani ɓangare na Malesiya a yau), Singafo da Biyetnam ta Kudu, aka kara a wasanni 12.

Tun farko siyasar yankin ba ta bar gasar ta sakata ta wala ba. An soke ta 1963 saboda Kambodiya, wadda aka ɗora wa nauyin shiryawa, ta kasa. A 1975, shekarar da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a Biyetnam da Laos da Kambodiya, ƙasashe huɗu kacal suka hallara. Daga nan aka buɗe ƙofa ga ƙasashen tsibirai: Indunusiya da Filifin da Burunai suka shiga a 1977 a Kuala Lumpur, aka kuma sauya wa gasar suna zuwa wanda take da shi yau. Timor ta Gabas ce 'yar auta, ta shiga a 2003.

Abin da ya fi bambanta ta da sauran gasanni shi ne ikon da ke hannun mai masaukin baƙi. Ban da guje-guje da ninƙaya, waɗanda suka zama dole, yana da damar saka wasannin gargajiyar ƙasarsa. Ta haka pencak silat na Indunusiya da arnis, wasan sanda na Filifin, da vovinam na Biyetnam suka samu shiga. Mafi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne sepak takraw: mutum uku-uku, raga a tsakani, ƙwallon saƙa, ba a taɓa ta da hannu. Mai bugu yakan tashi sama, ya yi alkafura, ya maka ta da ƙafa.

Wannan tsari ya raya wasannin da ba su da gurbi a Olamfik, kuma alheri ne babba. Amma yana karkatar da teburin lambobin yabo. Filifin ta ci zinare 24 a 2017 a Malesiya. Da ta karɓi baƙunci a 2019 sai ta ci 149, ta zo ta ɗaya. Yakan kuma jawo rigima. A 2023 Kambodiya ta saka dambenta da sunan kun khmer a maimakon muay thai, wato damben Tailan, sai Tailan ta ƙi tura 'yan dambenta.

Gasar ta 2023 ita ce karon farko da Kambodiya ta karɓi baƙunci, shekara 60 bayan waccan da aka soke, kuma kyauta aka shiga kallo. A nan ne 'yar ƙasar, Bou Samnang, ta zo ta ƙarshe a tseren mita 5,000. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ita kaɗai ta rage a fili, ba ta tsaya ba sai da ta kai layi, sannan ta ɗaga tutar ƙasarta tana kuka.