Kafin ka kwance famfo ko birkin kiren

Direbobin kiren, wato injin ɗaga kaya mai aiki da matsin man haidirolik, da masu gyara sun sha yi mini waɗannan tambayoyi, wasu ma mutum ɗaya ya maimaita sau uku. Ga amsoshin a wuri guda.

Zan iya shafa tiyo da hannu don in gano inda mai ke yoyo?

A'a, ko da safar hannu. Yawancin injinan nan suna aiki da matsin mai tsakanin bar 200 zuwa 350 (bar ma'aunin matsi ne), alhali bar 7 kacal ya isa ya tura mai cikin fata. Ka kara kwali a jikin tiyon, ɗigon zai nuna. Idan tsautsayi ya sa man ya soke ka, ka tafi asibiti nan take ka gaya musu man haidirolik ne ya shiga, ko da raunin bai fi cizon sauro ba. Tiyata yake bukata, jinkiri kuwa yana sa a yanke yatsa.

Kiren ta kasa ɗaga kaya. Famfo ne ya mutu?

Ka ɗaura geji, wato agogon auna matsi? In ba ka ɗaura ba, me ya sa ka ɗora wa famfo laifi? Aikin famfo turo mai ne kawai, nauyin kaya ne ke haifar da matsi. Rashin ƙarfi matsalar matsi ce, jinkirin motsi kuma matsalar yawan man da ke gudana ce. Duba man tanki, duba filta, auna matsi, sannan mu yi maganar famfo.

In ƙara ɗaure bawul ɗin da ke rage matsi?

Kada ka taɓa shi sai da geji da littafin kamfanin da ya ƙera injin. Shi ne ke hana tiyo fashewa da bum, wato dogon hannun kiren, lanƙwashewa.

Man ya yi fari kamar madara.

Ruwa ya shiga. In kumfa ce, iska ce. In famfo na ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, mai ba ya isa bakinsa. Duba layin zuƙowa.

Na ɗaga kaya na saki liba (sandar da direba ke ja), amma kayan na saukowa a hankali. Birki ne?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Wataƙila birki ne, wataƙila ba shi ba ne. Da farko ka janye kowa daga ƙarƙashin kayan. Sannan ka gano me ke motsi: sa alli a gefen gangar winci, wato gangar da ke naɗe igiyar ɗaga kaya, sa wani a sandar silindar bum, ka jira minti goma.

Idan alamar silinda ce ta matsa, birki ba shi da laifi. Ko bawul mai riƙe kaya yana yoyo ta ciki, ko sil ɗin fistin, wato robar da ke hana mai wucewa, ya ci, ko duka biyun. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci, domin mai idan ya yi zafi sannan ya huce yakan tsuke, silinda ta ɗan koma ciki ba tare da wani lahani ba. Kwantar da hankalinka, ka sake gwadawa bayan man ya huce. Littafin injin yana faɗin iya zamewar da aka yarda da ita.

Idan ganga ce ta juya, nan ma abin ya rabu. Birkin yawancin winci sifirin ne ke danne shi, matsin mai ne ke buɗe shi, shi ya sa in inji ya mutu kaya ba sa faɗowa. Saboda haka in wani matsi ya maƙale a layin buɗe birki bayan ka saki liba, birkin ba zai kama sosai ba, ko da faifansa sababbi ne. Filtar layin komawa da ta toshe tana iya jawo haka. Sa geji a layin, ya kamata allurar ta sauko kusan sifili. In ta sauko, sai a koma kan faifai da sifirin: ko sun cinye, ko sifirin ya karye. Akwai kuma batun mai. Birki busasshe in mai ya taɓa shi zai zame. Wanda ke aiki cikin mai kuwa, zuba masa man giya da ba nasa ba yana iya sa shi santsi.

Kamfanonin winci da dama suna ba da wani gwaji: ba kaya a ƙugiya, a cire layin buɗe birki a toshe shi, a taɓa liba a hankali wajen saukewa. Ganga ta tsaya cik, birki na riƙewa. Ta motsa, a ajiye kiren. Sai dai ba kowane winci ake yi wa haka ba, wasu suna da kulocin da ke barin ganga ta juya wajen ɗagawa, don haka ka tabbatar daga littafinka tukuna.

Mun kashe inji, ai babu sauran matsi ko?

Wa ya gaya maka? Silindar da ke ɗauke da nauyi tana da matsi, haka ma tukunyar ajiye matsi. Sauke kaya ƙasa, tokare bum, saki matsin, ka ga geji a sifili, sannan ka ɗauki sifana. Tukunyar nan kuma naitirojin kaɗai ake cika mata. Iskar oksijin da mai in sun haɗu cikin matsi, fashewa ce.

Wane mai zan zuba?

Wanda littafi ya ce. Galibi mai lambar kauri 32 ne ko 46 ko 68, gwargwadon zafin wurin aiki. Kada ka gauraya, kuma ka tace shi ko da sabo ne daga duro. In zafinsa ya haura digiri 80 na ma'aunin Selsiyos, tsaya, sil ya fara lalacewa.

Na gama gyaran birki, sai aiki?

Haba malam! Fara gwadawa ba kaya. Sannan ɗaga kaya marasa nauyi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka tsaya, ka kashe inji, ka kalli allin nan. Gwajin da ya wuce ƙarfin kiren, kashi 110 cikin ɗari a motsi ko 125 a tsaye, aikin ƙwararren mai duba injina ne da nauyin da aka auna. Rubuta abin da geji ya nuna da ranar da ka auna, don wanda zai karɓe ka.