Ekstenshan ɗin manhajar kariya: mene ne shi, kuma ya dace a liƙa maka shi?

Duk wanda ya taɓa saka manhajar kashe bairos a kwamfuta, irin su Avast ko McAfee ko Kaspersky, ya san ɗan akwatin nan da ke fitowa a kusurwar Chrome yana cewa an ƙara wani abu a burauzarka, ka amince ko ka cire. Wannan abin shi ake kira ekstenshan, wasu su ce fulogin. Ƙaramar manhaja ce da ba ta tsayawa da ƙafarta, sai a jikin burauza. Ta kamfanin kariya takan duba adireshin kowane shafi da ka nufa, ta gwada shi da jerin shafukan 'yan damfara da kamfanin ya tara, ta sa alama kore ko ja a gefen sakamakon bincike, wani lokaci kuma ta toshe tallace-tallacen da ke bin sawunka.

To me ya sa babbar manhajar ba ta yin wannan da kanta? A da tana yi, saboda bayanan da ke kai-komo tsakanin kwamfuta da shafi a fili suke tafiya. Yanzu galibin shafuka a kulle suke, su ne masu farawa da https, kuma wanda ke waje ba ya ganin komai sai hargitsattsen rubutu. Wasu kamfanoni sun koma cusa kansu da ƙarfi cikin burauza, har Google ya sanar a ƙarshen 2017 cewa zai rufe wannan hanyar a Chrome, yana cewa masu irin waɗannan manhajoji sun fi sauran fuskantar mutuwar burauza da kashi 15 cikin ɗari. Ƙofar da ta fi sauƙi bayan haka ita ce ekstenshan, domin shi a ciki yake zaune, inda an riga an buɗe kullin.

Amfanin nasa ke nan, kuma nan ne matsalar take. Izinin da yake nema shi ne ya karanta, ya kuma iya sauya, duk abin da ke kan duk shafin da ka buɗe. Shafin bankinka na ciki, da saƙonninka na Gmail, da tambayar da ka yi wa Google kan wani ciwo da ko iyalinka ba su san da shi ba. Mai gadi ne ka ɗauko daga bakin ƙofa ka shimfiɗa masa tabarma a uwar ɗaki.

Ba zargi ba ne kawai, an gani a aikace. A Disambar 2015 Tavis Ormandy, mai binciken tsaro a Google, ya gano cewa Web TuneUp na kamfanin AVG, wanda ke kan Chrome na mutane kusan miliyan 9, yana da ɓarakar da za ta bar wani shafi ya ga tarihin yawon mutum a intanet. Abin da aka saka don kariya shi ya buɗe ƙofa.

Na Avast ya fi ciwo, don shi ba kuskure ba ne. A Oktoban 2019 Wladimir Palant, wanda ya ƙirƙiro ekstenshan ɗin toshe talla mai suna Adblock Plus, ya nuna cewa ekstenshan ɗin Avast da na AVG, kamfanin da Avast ya saye a 2016, suna aika bayanan da suka wuce abin da aikin kariya ke buƙata. A Disamba Mozilla da Opera da Google suka sauke su daga rumbunansu. Wata guda bayan haka binciken 'yan jarida ya bayyana yadda wani reshen kamfanin mai suna Jumpshot ke sayar da tarihin yawon mutane, Avast ya rufe reshen. Kamfanin ya ce ya goge duk abin da zai nuna ko wane ne mai bayanan, amma FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, ba ta gamsu ba. A Fabrairun 2024 ta ɗora masa biyan dala miliyan 16.5, tana cewa ya sayar wa kamfanoni fiye da 100 da bayanan.

Adalci dai, ba kowane kamfani ne ya yi haka ba, kuma ekstenshan yakan kama abu. Shafukan damfara kullum sababbi ake buɗewa, wani jerin yakan riga wani ganinsu. Idan kana da dattijo a gida da ke danna duk mahaɗin "tallafin gwamnati" da aka turo masa, ƙarin ido ba laifi ba ne. Sai dai burauzar ba a tsirara take ba tun asali. Chrome da Firefox da Safari suna amfani da Safe Browsing na Google, wannan jan shafin gargaɗi da ke tare ka, Edge kuma yana da SmartScreen na Microsoft. Ga mafi yawanmu ma da waya muke shiga intanet, kuma Chrome na Android ba ya karɓar ekstenshan sam.

A ganina kamfani na da damar yin nasa ekstenshan, amma ba shi da damar liƙa maka shi a ɓoye. Ya tambaye ka tukuna, ya faɗa maka ƙarara abin da ekstenshan ɗin zai riƙa aika wa kamfanin, kuma idan ka ce a'a ya ƙyale ka, ba ya dinga nuna maka jar alamar "ba ka da cikakkiyar kariya" kowace safiya ba. Wannan tsoratarwar talla ce.

In kana son ganin abin da ke kan taka kwamfutar, musamman idan ta hannu ce ko wani ya saka maka manhajoji a shago, rubuta chrome://extensions a wurin adireshi. Duk wanda ba ka san lokacin da ka saka shi ba, cire shi. Babbar manhajar za ta ci gaba da duba fayilolin da ka sauke kamar yadda ta saba.